Riga Biyu, Ɓarauniya Ɗaya

"Kada ki farke ta, kuma kada ki bari kowa ya gani," in ji mutumin, yana tura leda kan teburin yanka. "Ƙarfe ɗaya zan dawo."

Telar ta ɗauke ƙafa daga kan keke ta buɗe ledar. Riga ce 'yar kanti ta mata, mai dogon hannu, irin yadin nan mai miƙewa, launin ganye da ya koɗe. Wuyanta ya yi baƙi da dauɗa, gwiwar hannun ta yi shara-shara. Warin jikin mutum ya buge ta, warin zufa da man zafi. A ƙarƙashin rigar akwai sabon yadi mai launin da ya kusa zama ɗaya.

"Irinta sak nake so," ya ce. "Har wannan ƙunar ta gefe. Lambar kamfanin da ke wuyan kuma ki cire ki mayar kan sabuwar."

"Ina mai rigar? Ta zo in auna ta mana."

"Ba za ta zo ba."

"Ta san rigarta na nan?"

Ya gyara tabarau, ya dubi agogo. Mutum ne da zai kai arba'in da biyar, takalminsa a goge, katin wurin aiki na rataye a wuyansa amma ya juya fuskar katin ciki. "Anti, ɗinki na kawo."

Shekara goma sha tara tana kwaikwayon rigunan kanti a wannan shago, ba a taɓa cewa ta kwaikwayi ƙuna ba. Ta ce, "Zan ɗinka. Lamba kuwa sai na yi tunani."

Ko kwanar layin bai sha ba mai sayar da zare ta shagon kusa ta leƙo. "Gwanata, me ɗan gayun nan ya kawo yana waige-waige kamar wanda ya ci bashin kare?"

Telar ta so ta rufe ledar, amma mai zare ta riga ta ɗaga rigar da yatsa biyu, ta shinshina, ta sake ta. "Ba wanki! Ke, ki yi hankali. Mai son ɗinki wankakkiya yake kawowa. Mai son zufar mutum kuwa kin san wurin boka yake kai ta. Ya ajiye wadda kika ɗinka a madadin, baiwar Allah ba ta sani ba, sai dai a ji ta fara magana ita kaɗai a titi."

"Kai, ke dai bakinki ba linzami."

"To, ni na faɗa. In abu ya ɓaci, ɗinkin wa za a gani?"

Telar ta kore ta da dariya, amma dariyar ba ta wuce leɓe ba. Ta shimfiɗa takarda mai kauri a tebur, ta ninka rigar biyu, kafaɗa kan kafaɗa, ta lallaɓa ta da tafin hannu ba tare da ta ja ba, don irin wannan yadi in ka ja shi ƙarya zai yi maka. Ta bi layin ɗinkin tana huda takardar da fil, ɗigo bayan ɗigo, ta ɗauke rigar ta haɗa ɗigon da alli, ta ƙara rarar ɗinki. Hannun ne ya ba ta wahala, sai da ta sake shi sau biyu. A nan ta lura bakin hannun dama ya fi na hagu saki, kamar wanda ake yawan murzawa da yatsu. Ta tsaya tana kallonsa. Wace ce wannan, kuma me take tsoro?

Ta canza allura zuwa marar tsini, ta mayar da keken kan ɗinkin zigizag don zaren ya riƙa miƙewa tare da yadin. Bakin wuyan ta yanka shi ya ɗan gaza, ta ja shi kaɗan-kaɗan har ya kwanta lif. Ƙunar ma ta yi ta da kan ashana, zuciyarta na tuhumarta. Lambar kaɗai ta bari inda take.

Ɗaya saura ya dawo, gumi a goshinsa. Ya ɗaga rigunan biyu, ya sauke ajiyar zuciya, sai ya juya wuyan.

"Ba ki mayar ba."

"Malam, lambar nan ba zan cire ta ba sai a gaban mai ita. In babu komai, mu je tare."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya kashe, ta sake yin ƙara. Ya kara a kunne, telar ta jiyo muryar mace tana cewa, "Ta farka! Ka zo, ta farka!"

"Ɗauko jakarki," ya ce.

Mai zare ta biyo su har bakin titi, ta rubuta lambar motar a tafin hannunta yana kallo. A hanya telar ta riƙe almakashinta cikin jaka, tana ƙirga kwanar da suke sha.

Gida ne hawa na biyu, kuma tun daga matakala ake jin ihun. Matarsa ta buɗe ƙofa idonta jawur. A ɗakin ƙurya an zazzage akwatuna, an kife katifa, wata tsohuwa doguwa tana tsaye da zani a ƙirji, hannunta na dama yana laluben bakin hannun rigar da babu.

"Mahaifiyata ce," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Shekara talatin tana shugabar makaranta. Yanzu ba ta gane mu. Wannan rigar kaɗai take yarda ta saka, ba ta bari a taɓa ta, ga fatarta duk ta yi ƙuraje. Yau bayan wanka maganin ya sa ta barci, na ɗauko. Ba na so a riƙa cewa a gari ta haukace."

Tsohuwar ta hango ledar a hannunsa. "Ga shi nan! Ga ɓarawon nan! Kullum ina faɗa muku mutumin nan ɓarawo ne, wa ya ba shi mukullin gidana?"

Bai kare kansa ba. Ya sunkuyar da kai irin na wanda ya saba. Telar ta dubi katin da ke lilo a ƙirjinsa, ta saki almakashin, ta karɓe ledar daga hannunsa ta durƙusa.

"Mama, ni ce na ɗauka. Shi ne ya kamo ni a hanya. Ki yi haƙuri."

Tsohuwar ta ƙura mata ido. Ta fizge ledar, ta zaro rigunan, ta kai kowace hancinta. Rigarta ta asali ta rungume. Sabuwar ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin da farce, ta duba wuyan.

"Wannan kuma ta wa kika sato?"

"Ita ma taki ce, Mama."

"Ƙarya kike. Tawa da rubutu a wuya."

"To in tafi da ita."

"Ajiye! Ko zare ba za ki fita da shi daga gidan nan ba." Ta waiga ga ɗanta, muryarta ta sauka. "Auta, gyara min katifar nan."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Matarsa ta taɓa shi, sannan ya ɗaga katifar. Tsohuwar ta cusa rigarta ta asali can ƙarƙashi, ta zauna daidai wurin.

"Tunda ita suke nema, sai su zo su ɗaga ni." Ta zura kai cikin sabuwar, ta ƙi yarda kowa ya taimaka mata da hannun. Rigar ta zauna mata daidai. Yatsunta suka sami bakin hannun dama suka fara murzawa. "Auta, fitar da matar nan. Ka duba jakarta kafin ta tafi."

A kan matakala ya cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa.

"Wata takwas ke nan ba ta kira ni haka ba," ya ce. "Anti, na jawo miki zagi a banza."

"Na zage ka a zuciya tun safe, mun yi canjaras." Ta buɗe jakar ta miƙa masa. "Duba, kada ta tambaye ka ka yi mata ƙarya."

Ya leƙa, ya ga almakashin, ya dube ta.

"Waccan ta ƙarƙashin katifar fa?" ya tambaya. "Gobe in ta tuna, ita za ta mayar."

Telar ta rataya jakarta. "Ƙarfe nawa take barci?"

"Goma na safe, in ta sha magani."

"Ranar Asabar ku tanadi ruwa da sabulu. Ni zan zo in sace ta, kai kuma ka kamo ni."