Ragowar Maganin Malam Rabe

Zazzaɓin taifot ya shiga Kawo a daminar 1956, aka ce daga rijiyar unguwa ya fito. Malam Rabe, akawu a wani ofishin gwamnati, yana cikin waɗanda ya fara kwantarwa. Likita ya ba matarsa Kaltume kwalbar wasu ƙwayoyi sabbin zuwa, ya ja mata kunne: huɗu kullum har mako biyu, ko ya ji sauƙi kada a daina.

Kwana shida Rabe ya tashi zaune, ya ci tuwo, har ya tambayi ko an sa wa kekensa iska.

Ran nan da hantsi maƙwabciyarsu Mero ta faɗo gidan ko sallama babu. 'Yarta Ladi ta daina gane mutane, a asibiti kuma an ce maganin ya ƙare, sai jirgin ƙasa ya kawo daga Ikko.

"Yaya Kaltume, maigidanki ya tashi," in ji Mero. "Ni ita kaɗai gare ni."

Kaltume ta leƙa ɗaki ta ga mijinta yana barci, jikinsa ba zafi. Ta juye ragowar ƙwayoyin a gefen zanen Mero.

Bayan mako guda zazzaɓin ya dawo wa Rabe, ya fi na da. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Kullum da safe Kaltume sai ta taka har asibiti, kullum a ce jirgi bai kawo ba. A rana ta huɗu ta durƙusa bakin gadonsa.

"Malam, maganinka bai ƙare ba. Ni na ba Mero."

Ya ce, "Yarinyar ta tashi?"

"Ta tashi."

"To, madalla," ya ce, ya juya fuskarsa bango. Ba ta san ko yafewa ce ba. Ranar Laraba bayan la'asar ya cika.

Mero ta zo gaisuwa riƙe da hannun Ladi, yarinyar duk ta rame, gashinta ya zube. Kaltume ta amsa gaisuwar kanta a sunkuye. Tana fita takaba ta ɗaure kayanta ta koma Zariya wurin yayanta. Dangin Rabe suka riƙa yaba irin jinyar da ta yi masa, ita kuwa ba ta taɓa gaya wa kowa ba.