Shekarar Da Shalva Ya Yabi Giya

A gidan su Eteri ba a yabon giya, sha kawai ake yi. Kakan kakanta ne ya binne randunan farko a ƙasan ɗakin ajiya, ya dasa baƙin inabi a gangaren bayan gida. Tun daga kansa kowane uba kushe giyar ɗansa yake yi har ya koma ga Allah. Mahaifinta Shalva ya gaji halin har da ƙari, ko maƙwabta na sha suna lumshe ido sai ya samo abin cewa.

Bana ciwo ya kwantar da shi, Eteri ce ta yi komai: ta tsinke inabi, ta matse, ta zuba a randa da ɓawonsa, ta rufe da faifan dutse ta liƙe da yumɓu. Duk tsawon sanyi ranar buɗewa ce a ranta. Ba yabo take jira ba, ta san gidansu. So take ya kushe ta, domin wanda aka kushe wa giya shi ake bar wa randuna.

Da ƙanƙara ta narke, ta riƙo shi har bakin randar, ta fasa yumɓun, ta ɗebo masa a ɗan kaskon da kakanninsa suka sha da shi. Giyar ta yi ja har tana neman baƙi. Ya shinshina, ya kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki.

"Ta yi daɗi," in ji shi.

Eteri ta juyo ta dube shi. "Baba, me ka ce?"

"Kin kurumce ne? Na ce ta yi daɗi."

Nan ta tuna miyar waken da ta manta ba ta sa wa gishiri ba, ya shanye bai ce uffan ba. Ashe ciwon ya tafi da ɗanɗanon harshen tsohon, yana ta ɓoyewa. Tausayinsa ya kama ta har ta manta da zancen randuna.

Ta karɓi kaskon ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta kama ƙugu yadda yake yi.

"Daɗi? Wannan? Da farko dai tana yaudarar mutum da ƙamshin rumman da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma bari ta sauka, sai ta ɗaure maka harshe tamau. An bar ɓawo ya daɗe a ciki. Kuma yarinya ce, rawar kai ta yi mata yawa. A rufe ta sai baɗi, ko ta yi hankali."

Shalva ya zuba mata ido.

"Ɓawon ya daɗe?"

"Ya daɗe, Baba."

"Ai na faɗa miki tun da kaka!"

"Yaushe? Kana can kana minshari."

"To a zuciyata na faɗa, ja'ira mai kunnen ƙashi."

Suka yi dariya, tasa ta ƙare da goge ido da hannun riga.

"Haka ubana ya ce da tawa ta fari," in ji shi, "har da yamutsa fuskar."

Ya karɓi kaskon ya sake kurɓa, ko da yake ruwa ne kawai a bakinsa.

"Gobe in maƙwabta sun zo, ke za ki fara sha. Ni zan zauna a gefe in ce ba ta kai tawa ba."