Motar da ke Mutuwa a Hannun Sa'adiya

Ni dai ba ruwana da harkar mutane, katangarmu ce gajera. Ta nan na ji maƙwabcina Ɗayyabu yana ce wa matarsa Sa'adiya ta ajiye masa makullin mota, tunda a hannunta kaɗai take mutuwa.

Kuma gaskiya ne. Da safe in ta nufi makarantar da take koyarwa a Beji, ko'ina ta taka burki sai motar ta yi karkarwa ta mutu. Shi kuwa in ya karɓa da yamma, lafiya lau. Baiwar Allah ga tsohon ciki, in aka ƙwace makullin sai cunkuson motar haya.

Ta roƙa a fara kai wa makaniki. Na yi wuf na shige baya, na ce daddawa zan saya a hanya.

Shekwolo makaniki ya jona na'urarsa, ya duba fulogi, ya bi robobin iska yana neman tsaga. Babu.

"Oga, wannan injekta ce. Kwamfutar ciki ke riƙe silo, wato yadda inji zai zauna in mota na tsaye. Taka kamar kullum mantawa take yi. Batir na mutuwa?"

"Sabo ne fil," in ji Ɗayyabu.

"Wani na cire kan batir ɗin?"

Na yi gyaran murya.

"Ɗayyabu, to mene ne kake kwancewa da sifana kullum bayan magariba?"

"Gwaggo Barira! Ai saboda ɓarayi ne!"

Shekwolo ya yi dariya har da dafa bonet. "Shi ke nan! Ka cire, ta manta, ga totur ya yi datti. Madam ta sha wuyar koya mata da safe, kai ka karɓa ta riga ta iya."

"Abban Yasmin," in ji Sa'adiya a hankali, "ashe ajina biyu, ga yara ga mota."

Sai Ɗayyabu ya ba ni tausayi, tsoron asara ne ya ja masa. Da aka wanke totur ɗin, shi da kansa ya miƙa mata makulli.

A mahaɗar Barkin Sale ta taka burki. Duk muka kasa kunne. Inji ya zauna daram.

Ɗayyabu ya sayo wa get kwaɗo, ya kuma ƙara wa katanga tsawo. Turmi nake takawa yanzu in leƙa.