Wutsiyar Roba

Dawakin katako goma sha ɗaya ne jere a kan kantar ɗakin Don Aparicio a Tacuarembó. Shi ya sassaƙa su, kowanne ya dasa masa gashin wutsiyar dokin gaske da ya hau zamanin yana kiwon shanu. Duk Lahadi sai ya shafe su da mai, ya taje wutsiyoyin yana kiran sunayensu.

Da ya dawo daga asibiti, sai ya tarar da wutsiyoyin duk baƙaƙe, tsawonsu ɗaya, sai ƙyalli suke.

"Asu ya fara cin su, Baba," in ji 'yarsa Nélida. "Ga wari! Na sa musu zaren roba, shi ba ya lalacewa."

"Tsofaffin fa?"

"Na ƙone mana. Me za a yi da su?"

Ya ɗauko Palomo, siffar farin dokin da ya tsallakar da shi ambaliya da dare, Nélida na goye tun kafin ranar sunanta. Ya shinshina baƙar wutsiyar, ya mayar.

"Sun yi kyau ko?"

"Sun yi," ya ce. "Kwashe ki kai wa 'ya'yanki. Yanzu kam kayan wasa ne."