Adireshin da Ba Shi da Suna

"Ba su cika ba," in ji Baba Datti, ya ture kwamfutar da bayan hannu.

Naja'atu ta dube shi, ta dubi allon. Tun hantsi ta kulle shagonta na buga takardu da ke bakin tashar Gwarzo, ta zo ta zauna a tabarmar maƙwabcin nata, masu son hoton fasfo sai kiran wayarta suke tana kashewa. Ga sunaye nan reras ta dawo masa da su, amma tsoho ya ce ba su cika ba.

"Baba, wa ya ɓace? Faɗa min sunansa in nemo shi."

"Ke ce injiniya. Ki duba dai."

Ai kuwa ta sha dubawa. Kwamfutar ta daɗe tana tsayawa kamar jakin da ya gaji, har aka kai ta Kano aka yi mata fomatin. Ta dawo tas, tana gudu, amma babu saƙo ko ɗaya a cikinta, babu adireshin kowa. Allah ya sa mai gyaran ya kwafe tsohon fayil ɗin adireshi a filas. Da Naja'atu ta fara zuba shi a sabuwar manhajar imel, sai komai ya hargitse, sunan wannan ya hau adireshin wancan, Alhaji Maikuɗi kuwa ya fito da alamar tambaya a tsakiyar sunansa. Baba Datti ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ashe ita ma na'urar ta san Alhajin. Ta goge, ta daidaita, ta sake zubawa, kowa ya koma gurbinsa.

Tsohon malamin gona ne Baba Datti, a Dugabau ta ƙasar Kabo ya ƙare aikinsa. Tun da ya yi ritaya, duk Juma'a sai ya aika wa tsofaffin abokan aiki da ɗalibansa saƙo: barka da Juma'a, an yi ruwa ko ba a yi ba, tsutsa ta shiga masara, wane ya zuba taki ba bisa ƙa'ida ba. Ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, sai ya ba da shawara. Amma saƙon wannan Juma'ar daban ne. Asibiti sun sallamo shi da ledar magunguna, ba su sa masa ranar komawa ba, kuma shi ba yaro ba ne. So yake ya nemi gafarar kowa tun yana iya danna madannai da kansa, ga shi wani ya ɓace, ya kuma ƙi faɗin ko wane ne.

Naja'atu tana son tsohon nan, amma ranar ya kusa ƙure ta. Ta miƙe ta fita tsakar gida, inda matarsa Inna Asiya ke zaune a gindin turmi tana tsinke zogale.

"Inna, don Allah wa Baba yake nema? Na karanto masa kowa, ya ce da saura."

Inna ba ta ɗago ba. "Wancan ne."

"Wanne?"

"Wancan dai." Ta turo leɓe wajen gabas. "Na Malesiya."

Naja'atu ta dafe kai. Abdulnasir, ɗansu na fari, da ke koyarwa a can. Mutanen gidan nan asalinsu makiyayan Lakwaya ne. Shanu sun ƙare tun zamanin kaka, Fulatanci ya bi su, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. A tsawon zamanta da su ba ta taɓa jin sunan a bakin Baba ko Inna ba. In Abdulnasir ya bugo waya, Baba zai ce, "Lafiya? Madalla. Ga ƙanwarka," ya miƙa wa Zinnira wayar kamar ta ƙona shi.

"Amma a wannan abin naku," in ji Inna, "sai ya wuni yana yi masa rubutu. Ni ban san me suke cewa ba, na dai ga yana murmushi shi kaɗai."

Naja'atu ta koma ɗaki, ta buɗe fayil ɗin filas ɗin kai tsaye, ta gangara har ƙasa. Ga shi nan a layin ƙarshe, adireshi cikakke, gurbin suna fayau. Bakin da ya ƙi faɗa, ashe yatsa ma ya ƙi rubutawa. Sabuwar manhajar kuwa duk wanda ta gani babu suna sai ta tsallake shi, ko sanarwa ba ta yi.

"Baba, na gan shi."

Bai tambayi wa ta gani ba. Ya gyara zama a jikin matashin kai, fuskarsa ta washe.

"Sai dai akwai matsala. Wannan sabuwar ba ta karɓar mutum sai da suna."

"Tsohuwar ta fi ta tarbiyya."

"Ta fi ta kam. Amma da sauƙi, Baba, ko ɗigo na sa za ta karɓa. Ko in rubuta Yaro?"

Ya zuba wa gurbin ido. Daga waje ana jin mai kifi yana busa hon ɗin babur, akuyar maƙwabta tana ta kuka. Hannunsa da ya rame yana kan bargo, babban yatsan yana motsi a hankali.

"Mutum da gemunsa a sa masa ɗigo," ya ce ƙasa-ƙasa. Sannan ya ɗaga murya. "Je ki ce wa innarki ta dama min kunu."

Rabonsa da neman abinci da bakinsa an kwana biyu, kuma Naja'atu ta san ba kunun ne ya dame shi ba. Ta ɗora masa kwamfutar a cinya, ta sa alamar rubutu a gurbin, ta nuna masa inda zai danna ya aika saƙon in ya gama. Ta fita, ta saki labule, ta tsaya a bayansa. Can sai ta ji ƙarar madanni, ɗaya, sai shiru, sai wani. A hankali yake yi, kamar mai shuka a ƙasa mai tauri. Ƙwalla ta cika mata ido, ta wuce wajen Inna ta karɓi ludayi.

Da ta dawo da kofin ya riga ya sauke murfin kwamfutar rabi. Ba ta leƙa ba.

"Saƙon ya tafi?" ta ce.

"Ya tafi. Na kowa ma ya tafi. Ke ma ki yafe ni, na hana ki kasuwa."

"Baba, ni zan ce ka yafe ni, na yi ta yi maka tsawa."

"Kin yi kam. Allah ya yi miki albarka." Ya kurɓi kunun ya ɓata fuska. "Ba sukari."

Ranar Litinin da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, Allah ya karɓi abinsa. Naja'atu tana shago tana buga wa wani takardar neman aiki Zinnira ta kira ta, ta bar takardar a cikin inji ta taho. Kafin azahar an kai shi, masu jana'iza suka dawo da taɓo har idon sawu. Ta yi kuka sosai, don ta yi rashin uba a karo na biyu.

Abdulnasir bai iso ba sai bayan sadakar uku. Da mutane suka ragu, ya aika a kira ta. Ta same shi a ɗakin Baba, a gefen gadon da aka naɗe katifarsa, dogo kamar uban, har furfura ta fara fito masa. Suka gaisa, ta yi masa gaisuwa, ya ce haƙuri sai ma'abocinsa.

"An ce ke kika gyara masa adireshi."

"Ni ce."

"Shekara da shekaru yana min rubutu, adireshi ne kawai a sama. Ran nan na buɗe saƙo, na ga suna. Ban ma karanta ba na fara neman jirgi." Ya ɗago ya dube ta. "Ke kika rubuta?"

"Wallahi ba ni ba ce, Yaya. Waje ya kore ni. Har yau ban ga abin da ya sa ba."

Ya sauke numfashi mai nauyi, kamar wannan tambayar ce ya ɗauko tun daga can. Ya ce ta kunna masa. Ta ɗauko kwamfutar daga kan akwati, ta share ta da gefen mayafi, ta buɗe masa jerin adireshin, ta ja baya. Shi ne na farko a sama, duk da ƙananan baƙaƙe: abdulnasir nawa.

A tsakar gida Inna tana ce wa Zinnira ta kai wa wancan ruwa. Abdulnasir bai motsa ba, yatsansa na ƙarƙashin sunan. Da allon ya fara dushewa, sai ya taɓa madanni ɗaya, hasken ya dawo.