Dangin Ɗan Gayu

Tun watan da Ɗan Gayu ya kama sashen saman bene, Maigida ya daina daɗewa a kujera. Ya zauna a ƙofa, ya tashi ya leƙa matakala, ya dawo, ya sake tashi. Gidan nasa ne, sassa huɗu, kuma ya san takun kowane ɗan haya. Yanzu kuwa kullum sai baƙon taku, da akwati mai taya yana dukan matakala.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne dangin yaron. Ɗan Gayu mai gyaran waya ne, siriri kamar tsinke. Amma ƙanen babansa ƙato ne mai jan gemu. 'Yar gwaggonsa ba ta jin harshen kowa a gidan. Har wasu tagwaye suka zo da aku a keji. Duk wanda Maigida ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Ɗan uwansa ne ni." Shi kuwa sai ya karɓi akwatin ya haura da shi, yana saƙa irin yawon duniyar da kakan yaron ya sha.

Nas ce ta katse masa wannan saƙa. Shekararta goma sha tara tana haya a sashen ƙasa, ita da mahaifiyarta da ba ta iya tashi.

"Baba, jiya da rana wani ya yi ta murɗa hannun ƙofata, Inna ita kaɗai a ciki. Sau uku ke nan."

"Ɓatan kai ne, 'yata. Baƙo ko da ido makaho ne."

"To makafin su zauna maka. Ƙarshen wata zan tashi."

Maigida ya kasa cin abinci. Ya shayar da tukwanen furanni sau biyu, ya share tsakar gidan da aka riga aka share. Da autarsa ta zo gaishe shi ya zayyana mata. Auta ta yi ɗan latse-latse a waya, ta miƙo masa.

Ga sashensa a hoto, ga labulensa, ga furanninsa, a manhajar da matafiya ke kama ɗaki na kwana ɗaya ko biyu. A ƙasa baƙi sun rubuta ra'ayinsu. Auta ta karanta tana danne dariya: "Mai gadin tsoho ne mai kirki, yana ɗaukar kaya, sai dai tambaya kamar alƙali."

"Mai gadi? Ni?"

"Tauraro biyar suka ba ka, Baba."

Ya ɗauko takardar haya, ya sa ta nemo inda aka hana saka wani a ɗaki ba da izininsa ba. Ya tashi zai haura, ya tuna bakin yaron ya fi reza, zai ce dangi ne, a rasa shaida. Ya dawo ya zauna.

"Kama min ɗakin," in ji shi. "Kwana ɗaya."

Ta kama da sunan mijinta. Nan take saƙo ya shigo da lambar ɗan akwatin mukulli da ke maƙale a ƙarfen taga, da gargaɗi: in tsohon ƙofa ya tambaya, a ce masa ɗan uwa ne.

Washegari da hantsi Maigida ya shiga ɗakinsa a matsayin baƙo. Farin zanen gado, tawul an naɗe shi kamar agwagwa. Ko silifas na Ɗan Gayu babu. Ashe ya daɗe da komawa kwana a shagonsa. Maigida ya buɗe firiji ya rufe, ya taɓa agwagwar, ya zagaya gadon. Auta ta aika wa Ɗan Gayu saƙo ta manhajar cewa famfo na yoyo.

Ba a jima ba sai ga Ɗan Gayu da sifana a hannu, yana haki. Ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Shigo, ɗan uwa," in ji Maigida. "Ta wajen uwa muka haɗu ko ta wajen uba?"

"Baba, wallahi zan yi bayani..."

"Fara da masu akun."

Ɗan Gayu ya durƙusa. Ya ce kowa haka yake yi, ya ce ai ɗakin ya fi dā tsabta.

"Ya fi. Amma akwai tsohuwa a ƙasa da ta ji ana murɗa mata ƙofa, ba ta da ƙafar gudu. Goge hoton nan daga manhajar ina kallo, ka kwance akwatin taga. Sati biyu na ba ka ka kwashe tawul ɗinka."

Maigida ya sauka da ɗan akwatin mukullin a hannu, ya ƙwanƙwasa wa Nas. Ta buɗe kaɗan. A bayanta kwalaye ne a ɗaure har rabin bango.

Ta dubi akwatin, ta dube shi. "Shekara nawa ina cewa ka sa ƙofa a bakin matakala?"

"Gobe maƙeri zai zo."

"In ya zo na gani, sai na kwance kwali ɗaya."

Maigida bai koma kujerarsa ba. Ya fita neman maƙeri.