Muryar Auta a Wayar Mama

Shekara da shekaru Yaya ce ke ɗiga wa Mama maganin ido. Ita Yaya nas ce a asibitin ido, ta san ciwon sarai: ruwa ke taruwa ya matse jijiyar gani. Ya riga ya cinye idon hagu, saura na dama. Kullum kafin ta fita aiki sai ta ɗaga haɓar tsohuwar ta ɗiga mata, ko sannu ba ta samu.

Kwatsam sai Auta, ƙaninta da ke wani gari, wanda ko sunan maganin bai sani ba, ya aiko da waya mai manhajar tunin shan magani. Ya naɗi muryarsa a ciki: "Mamana, lokacin magani ya yi." Haka za ta yi ta maimaitawa sai an danna koren maɓalli.

Shi ke nan, aka shiga uku da labarin Auta. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ji.

"Ki huta, Yaya," in ji Mama. "Yaron nan ya ɗauke miki."

Kishi ya kama Yaya. Ta ji kunyar a ce da waya take gasa, sai ta zare hannunta.

Ranar awo likita ya ce matsin idon ya hau, in aka yi sake na daman ma zai tafi. Washegari Yaya ta laɓe a bakin ƙofa. Wayar ta yi magana, Mama ta manna ta a kunne tana murmushi, kwalbar magani na kan kujera ko buɗe ta ba a yi ba.

"Mama, ashe ba kya ɗigawa?"

"In na ɗiga dole in danna, in na danna ya yi shiru. Shi kuma ba kira yake ba."

Yaya ta karɓi wayar, ta goge muryar Auta, ta naɗi tata. Ta ce wa kanta don ido ta yi, amma ta san har da jin daɗi.

Dabara kuwa ta ci. Mama ba ta ƙara fashin magani ba, matsin ya sauka, likita har da jinjina. Sai dai kowace safiya Yaya na daga kicin take jin muryarta ta ce, "Mama, lokacin…" sai ɗif. Ba a taɓa barinta ta kai ƙarshe ba.